Akwatin da Sarkin Sanyi Ya Hana Numfashi

Babu wanda ya naɗa Sarkin Sanyi sarauta. Shi ya sa aka rubuta a allon shagonsa, unguwa kuwa ba ta saba gardama da allo ba, sai sunan ya bi shi. Gyaran firji yake yi, kuma a faɗi gaskiya firjin da ya taɓa yakan yi sanyi. Matsalar ita ce daga firji ya samo dukkan iliminsa na duniya, ilimin kuwa bai wuce magana ɗaya ba: sanyi dukiya ne, tara shi ake yi a rufe ƙofa. A kan wannan aƙida ya toshe tagar bayan falonsa da robar ƙofar firji tun shekarun baya. Iyalinsa suna zaune cikin gumi, shi kuma yana tabbatar musu cewa da tagar a buɗe take da abin ya fi haka muni.

Ƙanwar matarsa, wadda kowa ke kira Auta, tana zaune a gidan tun da ta gama karatu. Ta koyi haɗa fim a kwamfuta, ga shi kuma ta sami aikinta na farko. Makarantar firamaren unguwa za ta yi wa tsohuwar shugabarta taron ban kwana, kwamitin iyaye ya ce Auta ta haɗa fim ɗin da za a nuna. Ba su ɓoye mata komai ba. In fim ya yi kyau, duk aikin ɗaukar hoto na makaranta ya zama nata. In bai yi ba, akwai wani mai ɗaukar hoto a bakin titi da ya daɗe yana gaishe da 'yan kwamitin ɗaya bayan ɗaya.

Ta sha yawo da kyamara tana bin tsofaffin ɗalibai, aiki ya kusa ƙarewa, sai fankar da ke sanyaya ƙwaƙwalwar kwamfutarta ta fara kuka kamar injin niƙa. Ta sayi sabon abin sanyaya, wata hasumiyar ƙarfe mai siraran ganyayyaki irin na lagireton mota, da fanka manne a gefenta. Niyyarta ta kai wa masu kwamfuta a kasuwa su ɗora mata. Kwalin ya iso gida tana can wajen ɗaukar hirar ƙarshe, ya faɗa hannun mijin yayarta.

Sarkin Sanyi ya juya kwalin, ya ga hoton fanka, ya ji ana kiransa. Nan take ya hango makarantu da ofisoshi da asibitoci, kwamfutoci jere suna fama da zafi, ba mai ceto. Kafin ya yage kwalin ya aika a kira mai fenti, aka ƙara DA KWAMFUTA a ƙasan allonsa da jan launi. Sannan ya rungumi akwatin kwamfutar ya kai shago, ya gaya wa matarsa cewa abin kunya ne a fitar da maganar sanyi daga gidansa a kai wa yaran kasuwa.

Ga wanda bai taɓa leƙa cikin irin akwatin nan ba, abin ba shi da wani sirri. Fankar gaba tana jawo iska daga waje. Ta jikin hasumiya tana tura iskar tsakanin ganyayyakin ƙarfe ta kwashi zafin ƙwaƙwalwa. Ta baya da ta sama su jefar da ita waje. Shiga, wucewa, fita, kamar mutane a kasuwa. Don kada wani ya ruɗe, masu ƙera fankar har ƙananan kibiyoyi suka zana a jikinta, suna nuna inda iska za ta nufa.

Sarkin Sanyi ya kunna kwamfutar don ya san halinta, ya kai hannu bayanta, sai ya ji iska tana fita. Ya tsaya kamar wanda ya tarar da famfo a buɗe a gidan da ba kowa. Ya ƙwala wa mai askin da ke makwabtaka da shi kira, ya ce ya zo ya ga ɓarna da idonsa. Mai aski ya zo da almakashi a hannu, ya sa tafinsa, ya ce shi dai iska mai ɗumi yake ji, kuma in shi ne, irin wannan ba ya baƙin cikin rabuwa da ita.

"Ai don ta fito ne ta yi ɗumi," in ji Sarkin Sanyi. "A ciki da sanyinta."

Mai aski ya ce shi kai ya iya, kuma na waje, abin da ke cikin kai ba huruminsa ba ne. Ya koma wajen mutumin da ya bari da rabin gemu, amma ya juya kujerar yadda zai riƙa hangen shagon.

Aiki ya kankama. Sarkin Sanyi ya kwance fankar baya ya juya ta tana hura ciki. Ya yi wa ta sama haka. Da ya zo kan hasumiyar, sai ya ɗora ta, fankarta na hura gaba, ido da ido da fankar da ke kawo iska daga waje. Ya bayyana wa masu wucewa, waɗanda ba su tambaya ba, cewa iska biyu in suka yi karo sanyi ninki ne. Yanzu kowace fanka a akwatin shigo da baƙi take yi, babu mai raka su ƙofa.

Auta ta dawo da la'asar, ta ga teburinta wayam, ta ga fuskar yayarta, ta gane. Ta isa shago ta tarar da shi yana goge hannu da tsumma kamar likitan da ya fito daga tiyata. Ta leƙa cikin akwatin, ta daɗe tana leƙe.

"Yallaɓai, ka ga kibiyoyin nan kuwa?"

"Na gani."

"Duk ciki suke kallo."

"To ina kike so su kalla, gidan makwabta? Kibiya ta 'yan koyo ce, Auta. Ina sanyaya abubuwa tun kina tsotsar yatsa."

Ta ce ita ma ta san tun da ta zo gidan take gumi a falonsa. Ya ce bakin nan nata shi zai hana ta ci gaba. Ta ce a kunna a gani, don saura aiki ɗaya kawai, a sa kwamfutar ta haɗe guntayen fim ɗin su zama fayil guda da za a zuba a filashi a kai makaranta. Aiki ne mai nauyi, shi yake sa ƙwaƙwalwar kwamfuta ta ɗau zafi.

Aka kunna. Da farko abin ya tafi lafiya, Sarkin Sanyi ya harɗe hannuwa yana duban titi ko akwai shaidu. Sai fankoki suka fara ɗaga murya. Tafiyar aikin ta koma ta hawainiya. Bai kai rabi ba, allo ya yi baƙi, shago ya yi tsit. Mai aski ya leƙo ya tambaya ko an gama ne, ya taya murna.

Sarkin Sanyi bai girgiza ba. Ya shafa jikin akwatin, ya janye hannu da sauri, ya ce ya gano cutar. Sanyin da fankoki ke tarawa yana tsiyayewa ne ta 'yan ramukan da aka huhhuda a baya da sama da gefe. Ya ce duk wanda ya ƙera akwatin nan bai taɓa ganin firji ba, in ba haka ba wa zai yi wa ma'ajiyar sanyi ƙofofi kamar rariya. Washegari da safe ya ɗauko tsohuwar robar ƙofar firji ya zagaye bakin murfin gefe da ita. Ya bi kowane rami ya liƙe da faffaɗan salatif. Da ya zo mayar da murfin sai robar ta yi kauri, sukurori suka kasa kaiwa. Ya zuba su a aljihu, ya ce dama aikinsu ya ƙare, ya naɗe murfin da salatif har akwatin ya koma kamar kayan da za a aika ƙasar waje.

Wannan karon kwamfutar ba ta ɓata wa kowa lokaci ba. Kafin Auta ta gama gyara zama ta mutu. Sarkin Sanyi ya ce alamar lafiya ce, inji mai hankali shi ke sanin lokacin hutunsa. Auta ta miƙa hannu za ta ɓare salatif, ya tare ta da kafaɗa, ya ce in ta buɗe, sanyin da ya tara tun jiya zai tashi a banza. Ta ce to ya ba ta kayanta ta kai kasuwa. Ya kulle shago ya sa makulli a aljihun da sukurori suke.

Ta kai ƙara wajen yayarta. Yaya ta ajiye guga, ta ce ta san mijinta, ta kuma san ƙanwarta ce da gaskiya, amma an riga an rubuta a allo da jan fenti. In aka ga kwamfutar ta fita daga shagon zuwa kasuwa, unguwa ba za ta bar shi ya sha ruwa ba. Ta roƙe ta ta ba shi yini ɗaya. Auta ta ce yini ɗayan nan shi kaɗai ya rage mata, gobe taro. Yaya ta ce ta sani, ta ci gaba da guga a inda ta riga ta goge. Wanda yake cin abincin gida ba ya ɗaga murya yadda yake so, sai Auta ta tafi ɗaki ta rufe ƙofa a hankali, da irin hankalin da ake ji har waje.

Shi kuwa Sarkin Sanyi ya koma ga abin da ya sani. A kusurwar shagon akwai babban firjin kwance na wata mai sayar da ɗanyen kifi, ya gyara shi yana jiran ta zo ɗauka. Ya ɗaga kwamfutar ya zura ta ciki, ya fito da wayoyi ta bakin murfi, ya ɗora bulo a kai. Murfin bai rufu ba saboda wayoyin. Firji ya dage yana sanyaya kwamfuta da shago da rabin titi, kwamfuta ta dage tana dafa firji. Fankokinta kuwa suka yi abin da aka umarce su, suka zuƙi warin kifin shekara da shekaru suka tura ciki. Warin ya shiga, kuma kamar duk abin da ya shiga akwatin, bai sami ƙofar fita ba.

Ana cikin haka mai kifi ta iso da mai baro. Ta ɗaga murfi, ta duba, ta rufe, ta sake ɗagawa ko idonta ne.

"Malam, wannan wane irin kifi ne?"

Ya ce gwaji yake yi mata kyauta, firjin da ya iya sanyaya kwamfuta, kifi wasa ne a wajensa. Bai rufe baki ba injin firjin ya yi wata 'yar ƙara ya yi shiru, wani siririn hayaƙi ya taso daga bayansa. Mai kifi ta tambaya ko wannan ma cikin kyautar ne. Daga nan ta faɗi ra'ayinta game da shi da allonsa da wanda ya koya masa sana'a, ba ta yi sauri ba, ba ta tsallake kowa ba. Mai aski ya kashe injin askinsa don kada ya rasa wani abu. Da ta tafi ya ce ya ji ana cewa garin neman gira a rasa ido, amma bai taɓa ganin wanda ya rasa idon makwabci ba sai yau.

Ranar taro ta waye babu fayil, babu abin zubawa a filashi. Hanya ɗaya ta rage, a kai kwamfutar kanta zauren makaranta a haɗa ta da majigi, a nuna fim ɗin kai tsaye daga inda aka haɗa shi. Auta ta ce a bar ta ta buɗe akwatin ko na ɗan lokaci ne. Sarkin Sanyi ya ce kwamfutar ta kwana da sanyin firji a cikinta, sai mahaukaci ne zai buɗe yanzu. Ya sa babbar rigarsa, ya soke sukundireba a aljihun gaba don a san ko shi wane ne, ya ɗora akwatin a baro ya tura da kansa. Kuliyoyin unguwa biyu suka raka shi har ƙofar makaranta cikin girmamawa.

Zaure ya cika da iyaye da malamai da tsofaffin ɗalibai. Shugabar mai barin aiki tana sahun gaba, ƙaramar tsohuwa mai tabarau, irin waɗanda ko magidanci ya gani sai ya duba ko farcensa a yanke yake. Kusa da ita shugaban kwamitin iyaye. Can baya mai ɗaukar hoton bakin titi ya jingina da bango, ya zo taya murna. Aka ɗora kwamfutar a tebur dab da sahun gaba. Auta ta zauna gabanta ba ta kallon kowa.

Ba a sa Sarkin Sanyi cikin masu jawabi ba, amma makirfo ya bi ta gabansa. Ya gaishe da jama'a, ya ce abin da za su gani yau ba fim kaɗai ba ne. Ya dafa akwatin, ya ce wannan ita ce kwamfuta ta farko da ba ta zubar da iska ko ɗigo, duk abin da ta shaƙa nata ne. Ya ce makaranta tana da ɗakin kwamfuta, shi kuma yana da shago, ba sai ya ƙara bayani ba. Aka tafa masa, yawanci don ya zauna.

Fim ya fara, kuma ya yi kyau, wannan ba a musu. Ga ƙofar makaranta da safe, ga yara suna shiga. Sai ga wani tsohon ɗalibi, yanzu direban babbar mota, yana ba da labarin abin da kowa ya fi tunawa da Malama. Ya ce ba ta taɓa shiga aji ta fara darasi ba sai ta tsaya a bakin ƙofa ta shaƙi iska, ta ce a buɗe tagar gaba, a buɗe ta baya. Zaure ya fashe da dariya, don duk wanda ya yi makarantar ya san maganar. Malama ta gyara tabarau, ba ta musa ba.

A daidai nan fankoki suka fara. Da farko kamar ana tankaɗe, sannan kamar babur yana hawan tudu. Hoton direban ya fara tsalle. Ya tsaya da baki a buɗe, muryarsa ta maƙale a wuri ɗaya tana maimaitawa ta lasifika, a buɗe ta baya, a buɗe ta baya, a buɗe ta baya. Sarkin Sanyi ya miƙe ya ce jama'a su kwantar da hankali, sanyi ne yake zagayawa. Allo ya yi baƙi.

Cikin shirun da ya biyo baya aka ji wata 'yar ƙara kamar ana yage tsumma a hankali. Zafi ya narkar da ƙaron salatif, murfin da ba sukurori ya fara sunkuyowa. Ya sunkuya, ya yi tunani, sannan ya faɗo ƙasa da ƙarar faranti. Duk dukiyar da Sarkin Sanyi ya tara ta fito gaba ɗaya, zazzafa, da warin kifi, ta sauka a fuskar shugaban kwamitin iyaye. Mutumin ya cire hula ya yi fifita da ita. Kuliya ɗaya ta shigo ta ƙarƙashin kujeru, ta zauna gaban tebur tana jiran rabonta.

Malama ta karkato ta leƙa cikin akwatin ta saman tabarau, ta dubi robar firji, ta dubi salatif, sannan ta dubi mai aikin.

"Kai ka rufe ta haka?"

"Ranki ya daɗe, don kada sanyi ya fita ne."

"Ta ina zafin zai fita?"

Sarkin Sanyi ya buɗe baki. A firji akwai amsar wannan tambaya, tana bayan firjin, wajen ƙarafan nan masu ɗumi da yake gogewa kullum, amma bai taɓa ɗaukar su cikin lissafi ba. Ya rufe bakin. Malama ta ce ba ta tuna fuskarsa ba, da alama ba a ajinta ya yi ba.

Auta ta miƙe ta zare sukundireban daga aljihun gaban rigarsa kamar mai cire ƙaya. A gaban iyaye da malamai ta ɓare salatif, ta kwance fankar baya da ta sama ta juya su, ta ɓalle ta hasumiya ta mayar da ita ɗaya gefen, kowace kibiya tana nuna hanyar waje. Ta bar gefen a buɗe. Yayarta ta taso daga sahun mata ta riƙe mata fitilar waya, ba ta dubi mijinta ba. Aka kunna. Kwamfutar ta tashi da ɗan huci kamar wanda aka tsamo daga rijiya, direban ya dawo allo ya ƙarasa maganarsa, fim ya tafi har ƙarshe ba tuntuɓe. A wajen da tsofaffin ɗalibai suka jeru suna yi mata ban kwana, Malama ta cire tabarau ta daɗe tana goge shi. Mai hoton bakin titi bai jira ƙarshe ba, ya tuna yana da wani aiki.

Shugaban kwamitin ya kira Auta gefe, har yanzu yana shinshina hularsa. Ya ce aikin makaranta nata ne. Sharaɗi ɗaya kawai kwamiti yake da shi, kuma ba sai an rubuta ba, ya faɗa yana duban inda Sarkin Sanyi yake tsugune yana naɗe robar firjinsa.

A hanyar gida Sarkin Sanyi ya tura baro yana bayyana wa mai aski cewa da gangan ya zaɓi salatif mara ƙarfi, don murfin ya buɗe kansa in buƙata ta taso, kuma jama'a sun shaida ya buɗe a daidai lokaci. Mai aski ya ce lallai, ya kuma tambaya ko mai fenti yana da farin launin shafe jan rubutun allo.

Da suka isa gida Yaya ta wuce falo ba ta ko cire mayafi ba. Ta ɗauki wuƙar kicin ta bi robar tagar baya ta yanke ta daga sama har ƙasa, ta tura tagar da gwiwar hannu. Iska ta shigo ta ƙofar gaba, ta bi ta kan kujeru, ta ɗaga labule, ta fita ta baya. Sarkin Sanyi ya tsaya a tsakiyar falon, rigarsa tana kaɗawa, gumin goshinsa yana bushewa. Ya ɗaga yatsa zai yi magana. Matarsa ta dube shi, wuƙar tana hannunta har yanzu.

Ya sauke yatsan, ya ja kujera zuwa inda iskar ta fi bi, ya zauna. Ya ce dama yana da niyyar buɗe ta.